Hasumiyar Dutsen Ƙararrawa

A cikin Tekun Arewa, kimanin kilomita 18 daga garin Arbroath na ƙasar Sikotland, akwai wani falalen dutse da ba ya bayyana sai ruwa ya janye, jim kaɗan kuma ya sake nutsewa. Mutanen wurin suna kiransa Bell Rock, wato Dutsen Ƙararrawa, domin an ce wani limamin Kirista ya taɓa kafa ƙararrawa a kansa don gargaɗin matuƙa, wani ɗan fashin teku ya sace ta. Wannan dai ruwaya ce. Amma ɓarnar dutsen ba almara ba ce: a 1804 jirgin yaƙin Birtaniya mai suna York ya halaka da mutanensa baki ɗaya, aka ɗora zargi a kan wannan dutse.

A 1807 injiniya Robert Stevenson ya fara gina hasumiyar fitila a kansa. Mai karatu ya dubi wuyar aikin. Magina suna kwana a jirgi, su sauka idan ruwa ya janye, su yi sa'o'i kaɗan, sannan teku ya dawo ya kashe wa maƙeri wutarsa. Wata rana cikin Satumbar shekarar, jirginsu ya kuɓuce da kwalekwale ɗaya, ya bar mutum 32 a kan dutsen, ga ruwa yana hawa, ga kwalekwale biyun da suka rage ba za su ɗauke su duka ba. Stevenson ya so ya yi magana, bakinsa ya bushe. Sai ga wani jirgi mai kawo wasiƙu ya ɓullo. Da sauran kwanansu.

A tudu aka sassaƙa duwatsun ginin, kowanne ya sarƙe da maƙwabcinsa, har igiyar ruwa ba ta samun inda za ta ɓamɓara. A ganina nan ne gwanintar take, ba a tsawon mita 35 ba. An kunna fitilar ranar 1 ga Fabrairu, 1811, kuma ginin nan ne ke tsaye har yau.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an riƙa kashe ta don kada abokan gaba su amfana. A Oktoban 1915 jirgin yaƙi Argyll ya hau dutsen cikin duhu ya lalace, ko da yake an ceto kowa. Tun 1988 ba mai tsaro da ke kwana a ciki, fitilar da kanta take kunnuwa.