Tarihin Wakilan Suna da Sifa 'Yar Aikatau a Ingilishin Yau da Kullum

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya koyi Ingilishi a makarantun Nijeriya ya san cewa wakilin suna da kalmomin da ke ƙarewa da -ing suna cikin wuraren da jan biron malami ya fi sauka. Akan koya wa ɗalibi ƙa'idojinsu tamkar da su harshen ya taso, alhali da yawansu ba su kai shekara 300 ba. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan rukunan nahawu biyu tun daga Tsohon Ingilishi, wato daga wajen shekarar 450 zuwa 1100, domin a rarrabe abin da bakin jama'a ya haifar da abin da masu rubuta nahawu suka ɗora.

2.0 Mutum na Biyu

Tsohon Ingilishi ya bambanta tilo da jam'i a mutum na biyu, kamar yadda Hausa ta bambanta kai ko ke da ku. Kalmomin da suka zama thou da thee na tilo ne, ye da you kuwa na jam'i. Har ma akwai wakilan suna na mutum biyu kacal, wit "mu biyu" da git "ku biyu", waɗanda suka ɓace a ƙarni na 13.

Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada. A can ana kiran babba da vous, wato jam'i, don girmamawa. Daga ƙarni na 13 Ingilishi ya ɗauki wannan ɗabi'a, wadda ba baƙuwa ba ce ga Bahaushen da ke ce wa surukinsa ku. Sannu a hankali thou ta koma ta yara da bayi da abokan wasa, har ta zama kalmar raini. Mabiya ɗarikar Kwaka sun ƙi amincewa da wannan bambanci, kuma jagoransu George Fox ya shiga cikin wallafa littafi a 1660 don kare thou, bisa hujjar cewa mutum ɗaya ɗaya ne ko da sarki ne. Duk da haka kafin ƙarshen ƙarni na 17 kalmar ta fita daga daidaitaccen harshe, ta rage a addu'o'i da waƙoƙi da wasu karuruwan arewacin Ingila.

Faɗuwar thou ta bar giɓi, domin you ta zama tilo ta zama jam'i. Masu magana suka shiga cike giɓin da kansu. Kudancin Amurka ya samar da y'all, Ailan da Sikotland suka samar da yous, Pidgin na Nijeriya kuma yana da una, wadda masana ke danganta asalinta da unu ta Ibo. A ƙarni na 18 mutane da dama na cewa you was ga mutum ɗaya, you were ga jama'a, har Robert Lowth ya soki wannan a nahawunsa na 1762.

3.0 Mutum na Uku

Ba safai harshe ke aro wakilin suna ba, amma Ingilishi ya yi. A Tsohon Ingilishi kalmomin "shi" da "ita" da "su" duk da h suke farawa, kuma da lafazinsu ya soma narkewa sai suka yi kama da juna. Mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka fara kai hari Ingila a ƙarshen ƙarni na 8 kuma daga baya suka zauna a arewaci da gabashinta, su suka kawo they da them da their. Aron ya gangaro kudu a hankali. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta they, amma a gurbin them da their tsofaffin siffofin hem da hire yake amfani da su. Ita kuwa she an fara ganinta a rubuce a tarihin Peterborough na tsakiyar ƙarni na 12. Its ta fi su ƙuruciya, don sai ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana. Kafin nan his ake cewa ko da ga dutse ko itace.

Amfani da they ga mutum ɗaya wanda ba a san jinsinsa ba, kamar a jumlar somebody left their bag, ya daɗe. Ƙamusun Oxford ya gano shi tun wajen 1375. Ann Fisher ce a nahawunta na 1745 ta ba da shawarar a riƙa amfani da he ga kowa, sannan a 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar cewa he a cikin doka ta haɗa har da mace. Ke nan abin da aka daɗe ana yi wa jan layi ya girmi dokar da ta hana shi da shekara kusan 370. A 2019 ƙamusun Merriam-Webster ya zaɓi they a matsayin kalmar shekara.

4.0 Sifa 'Yar Aikatau

Ɗafa-ƙeyar -ing ta yau gado biyu ta haɗe. Tsohon Ingilishi na da -ende ga sifa 'yar aikatau, da -ung ko -ing ga sunan aikatau. A Ingilishin tsakiya ta farkon ta zama -inde a kudu, -and a arewa, sannan daga wajen ƙarni na 13 ta narke cikin -ing. Masana da dama na ganin cewa lafazin walkin' da ake ɗauka kasala ce ta baki, ragowar tsohuwar -inde ce.

Wannan haɗuwa ita ta haifar da gardamar da ta shafi wakilin suna kai tsaye. Shin my going za a ce, ko me going? Idan going suna ce, mallaka ta dace da ita, kamar yadda Hausa ke cewa tafiyata. Idan kuwa sifa ce, karɓau ya dace. H. W. Fowler ya yi tir da siga ta biyu a littafinsa na 1926, Otto Jespersen kuma ya mayar masa da martani da hujjojin tarihi. Har gobe sigogin biyu suna raye, ta farko a rubutu, ta biyu a baki.

Haka nan jumlar the house is being built sabuwa ce. A da the house is building ake cewa. Sabuwar sigar ta ɓullo a ƙarshen ƙarni na 18, kuma masu gyaran harshe na ƙarni na 19 sun yi ta zaginta, sai ga shi ta zama daidaitacciya. A ɓangaren sifar shuɗaɗɗen aiki, wadda ta yi daidai da dafaffe ko rubutacce a Hausa, tsohuwar ɗafa-goshin ge- ta raunana zuwa y- kafin ta ɓace. Manyan marubutan ƙarni na 18 na cewa I have wrote, har nahawun Lowth da na Lindley Murray na 1795 suka taimaka wajen tabbatar da written. Gotten kuwa, wadda ake ɗauka ƙirƙirar Amurkawa ce, tsohuwar siga ce da Ingila ta saki su suka riƙe.

5.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna hanyoyi uku da waɗannan sigogi suka bi: narkewar lafazi, cuɗanya da wasu al'ummu, da hukuncin masu nahawu. Malami na da haƙƙin koyar da daidaitacciyar siga, tun da ita jarrabawa ke nema, amma ya kamata ya bayyana wa ɗalibi cewa zaɓi ne da aka yi a wani zamani sananne. Darasin ya shafi masu aikin daidaita Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunanmu. Duk sigar da kwamiti ya fifita yau, jikokinmu za su ɗauke ta a matsayin asali, su kira ta wani kari kuskure. Saboda haka wajibi ne a rubuta dalilin kowane zaɓi, a kuma adana sigogin da aka bari.