Salaga: Kasuwar Goro da Tulin Shara

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, fataken Hausa suna ta kai da kawowa. Duk da wannan arziki, Bafaranshe Binger da ya iso a 1888 ya tarar da gari cike da ƙazanta. Yaƙin basasa na 1892 kuwa ya watsa fatake. A 1988 Gana ta kafa majalisun gundumomi, tsarin mulkin 1992 ya ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Kwashe shara da yashe kwata a Salaga, Yendi da Bawku suka koma wuyan majalisunsu. Mai karatu, dukiya ba ta share gari da kanta, sai talakawa sun bi sawun kuɗin.