Tarihin Maki Biyar a Wasan Zari-Ruga

Wani mai saurarenmu daga Bagudo ya kalli zari-ruga a talabijin a Malanville ta ƙasar Benin, yana tambayar dalilin da dangwala ƙwallo bayan layi ke da maki 5.

To malam, a farko dangwalawar ba ta da maki ko ɗaya, damar bugawa tsakanin sanduna kawai take bayarwa. A 1971 ta kai maki 4, a 1992 ta koma 5, don a rinƙa rugawa da ƙwallo maimakon dogaro da fanareti mai maki 3. Sai masu tsaron gida suka ga gara su yi laifi da gangan, a ci su 3 maimakon 5. Maganin wannan, daga baya aka ba alƙalin wasa katin ɗorawa: mai laifi ya fita minti 10.

Da fatan ka gamsu.