Takardar Da Sakkwato Ba Ta Amsa Ba

Shekarun baya na taɓa aiken wani yarona Kano wurin maigidan da nake saro atamfa a hannunsa, a kan ya ƙara mini kaya bashi kafin salla. Yaro ya dawo ya ce, "Baba, na faɗa masa, bai ce komai ba, sai dai ya tambayi lafiyar iyali ya ba ni kuɗin mota." Shi a ganinsa ya dawo ba amsa. Ni kuwa na ji amsa sarai: ba za a ba ni ba, amma an rufa mini asiri, gobe ma ina iya komawa. Haka maganarmu take. Ko a ciniki, in ka taya kaya mai su ya ce "albarka", baƙon da bai san kasuwa ba sai ya ɗauka addu'a aka yi masa, alhali kuwa an ƙi tayinsa ne.

Abin da ya sa na kawo wannan, akwai wani shiru irin wannan a tarihin garin nan da muke zaune, kuma abin da ya biyo bayansa ba ƙarami ba ne.

Kowa ya san Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu, shi ya kafa Kwantagora a wajejen 1864, yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Ɗansa Ibrahim ya hau gado a 1880. Gaskiya ɗaya ce, zamanin Ibrahim zamanin hari ne da kamun bayi, Kambari da Gwari da sauran maƙwabta sun sha wuya ƙwarai, kuma jikokinsu da muke cin kasuwa ɗaya da su ba su manta ba. Wannan shi ne hujjar da Lugga ya riƙe. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, shekara ɗaya bayan haka, a ƙarshen Janairun 1901, sojojinsa suka ci Kwantagora, Ibrahim ya fice. Cikin Fabrairu suka ci Bida.

To, a watan Maris na 1901 sai Lugga ya aika wa Sarkin Musulmi Abdurrahman takarda. Ya shaida masa ya tuɓe sarakunan Bida da Kwantagora saboda zalunci, ya kuma nemi ya zaɓo wanda za a naɗa a Kwantagora. Sakkwato ba ta ce uffan ba.

A nan nake so mu tsaya. A wurin Bature, wannan takarda girmamawa ce: ga shi na ci gari da yaƙi, amma na bar maka zaɓen sarki. Rashin amsa kuwa, a al'adar ofis ɗinsu, raini ne da neman faɗa. Amma mu juya mu zauna a shimfiɗar Sarkin Musulmi. Abdurrahman shi ma ɗan Atiku ne, wato shi da Nagwamatse uba ɗaya, Ibrahim kuwa ɗansa ne a lissafinmu. Wani baƙo ya kori ɗanka daga gidansa, sa'an nan ya aiko ya ce ka nuna wanda zai maye gurbinsa. In ka ambaci suna, ka yarda ke nan baƙon yana da ikon tuɓewa, kai ka koma mai sa hannu kawai. In ka rubuta ka ce ba ka yarda ba, ka buga gangar yaƙi da mai igwa. Me ya rage? Ni a nawa ganin, shirun nan irin na maigidana na Kano ne: an ƙi, amma ba a rufe ƙofa ba. Sai dai wanda aka yi wa shirun ba ɗan gari ba ne, bai iya karanta shi ba, ko kuwa bai ga dama ba.

Ɗana da ke karatun aikin jarida, da na ba shi labarin nan, ya ce ai a littattafansu ma akwai shi. Wani masani a Amurka, Paul Watzlawick, da abokan aikinsa sun rubuta a 1967 cewa mutum ba shi da hanyar da zai ƙi isar da saƙo, ko ya yi shiru ya faɗi wani abu. Na ce masa to ai kakanninmu sun riga su, tunda sun ce shiru ma magana ce. Amma ya ƙara wani abu da na ga amfaninsa: wai kowace magana tana ɗauke da abu biyu, abin da aka ce, da kuma matsayin da mai magana ya ajiye kansa a kan wanda yake yi wa. Takardar Lugga, abin da ta ce shi ne "zaɓo sarki". Matsayin da ke ƙarƙashinta kuwa shi ne "ni ne sama". Sakkwato na biyun ta ji.

Ga kuma matsalar tafinta. Lugga da Turanci yake tunani, fadar Sakkwato da Larabci take rubutu, manzo kuwa da Hausa zai yi bayani. Duk wanda ya taɓa ciniki ta bakin dillali ya san abin da ke zubewa a hanya. A 1902 Lugga ya ce ya sami takarda daga Abdurrahman mai cewa tsakaninsu babu komai sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujja a gaban manyansa na Landan. Daga baya wani tsohon jami'in mulkin Turawa, Muffett, a littafin da ya fitar a 1964, ya nuna shakka a kanta, domin fassarar Turanci ce ke hannu, ba a ga asalin ta Larabcin ba. Allah shi ne masani. Abdurrahman ya rasu a 1902, aka naɗa Attahiru, Turawa suka shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903.

Ba na cewa da an amsa takardar Kwantagora da Turawa sun fasa zuwa. Mutumin da ya riga ya ɗaura wa doki sirdi ba takarda ce za ta sauke shi ba. Abin da nake cewa, shirun ya ba shi abin faɗa, shi ne ya fassara shi yadda ya so, kuma fassararsa ce ta shiga littafi.

Ibrahim kuwa, bayan ya bar garin nan ya nufi ƙasar Zazzau ya ci gaba da hari, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa, suka kama shi a 1902 suka tsare. Gadon da aka nemi Sakkwato ta cike bai sami mai riƙe shi da ƙarfi ba. A 1903 Lugga da kansa ya mayar da Ibrahim ɗin da ya kora. Ibrahim ya zauna a sarautar Sarkin Sudan har rasuwarsa a 1929.