Jaruman Almara a Rubutun Hausa: Waiwaye Daga Gasar 1933

Duk wanda ya saba karanta littattafan yaƙi da almara da suka yawaita a kasuwannin Kano daga shekarun 1990 zuwa gaba, zai iya faɗin yadda labari zai kaya tun kafin ya kai shafi na goma. Akwai jarumi kyakkyawa mai ƙarfin mutum dubu, akwai gimbiyar da aka sace, akwai mugun boka da aljaninsa, sai kuma takobin da ba ya karyewa. Birnin da abin ya faru yana can wajen Misra ko Farisa, sunayen mutanen kuwa babu wanda za ka ji an raɗa wa yaro a unguwarku. Wasu 'yan'uwa marubuta na ganin cewa haka aka gada. Tarihi bai goyi bayansu ba.

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai, aka buga littattafai 5 daga cikin waɗanda aka aiko. Biyu daga ciki, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, su ne tushen labarin almara a rubutun boko, kuma dukansu sun bauɗe wa hanyar da mai karatu yake zato.

Mu ɗauki Ruwan Bagaja. Ƙashin bayansa tsohon abu ne da ake samu a ƙasashe da yawa: ɗan sarki ba lafiya, maganinsa wani ruwa ne da ke nesa, sai wani ya fita nema. A irin wannan labari an saba a ga mai neman ya zama salihi, jarumi, mai gaskiya. Imam sai ya ɗora wa Alhaji Imam tafiyar, mutumin da makaminsa baki ne da wayo, wanda ke yin ƙarya ya ci abinci, ya yaudari sarakuna da alƙalai. Abin da ya fitar da shi daga Kwantagora ma huce haushin wulaƙancin da aka yi wa Liman ne a fada. Sa'an nan mafi yawan shafukan ba a kan dodanni suka ƙare ba, a kan ramuwar gayya suka ƙare tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya sa a ɗaure wancan, gobe wancan ya rama. Aljannu sai can wajen ƙarshe suka taka rawarsu. Tambayi duk wanda ya karanta littafin a firamare, za ka tarar Zurƙe ya fi tunawa da shi a kan ruwan kansa. Wannan tauraro jikan Gizo ne, kuma daga tatsuniya marubucin ya ɗauko halinsa, ko da yake ya yi aro daga littattafan Larabawa da na Turawa.

Ganɗoki shi barde ne sosai, mai kirari da fariya. Amma Malam Bello ya fara jefa shi cikin yaƙin gaske, wato zuwan Turawa ƙasar Nufe da Kwantagora a 1901, inda ba a yi nasara ba. Sai bayan ya nausa gabas ne ya shiga duniyar aljannu yana karkashe su yana musuluntar da su. Nasarar da ta gagare shi a gida, a can ya same ta, da ya dawo kuma ya tarar ƙasa ta sake. A ganina babu littafin almara na Hausa da ya kai wannan nauyi, domin shekara 30 kacal ke tsakanin faɗuwar Sakkwato a 1903 da rubuta shi, masu karatunsa na farko sun san waɗanda aka kashe musu.

Daga baya ma an ci gaba da sauya fuskar tauraro. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, tsuntsu ne ya riƙe labarin, aku mai hana ɗan sarki fita da daɗin baki, har ya kai ga zama waziri. Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin wani jarumin Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, jarumin da ya tashi gurgu ba ya ko iya miƙewa, ya kuma ƙare ba a kan gadon sarauta ba. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya bi wani baƙo daga sama ya zaga sararin samaniya.

A Turai da Amurka sai da aka sha fama kafin a kai nan. Littafin Tolkien na 1954 ya zama ma'aunin da kowa ke kwaikwayo, farar fata da takobi da mugun sarki mai duhu. Ursula Le Guin ce ta yi ƙarfin halin kawo matsafi mai duhun fata a 1968, ta kuma sa abokin gabarsa ya zama inuwar kansa. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, ta ci babbar lambar almara ta duniya a 2011 da labarin wata yarinya a yankin Sudan.

Nan ne kuma namu tarihin yake da giɓi. Duk taurarin da na lissafa maza ne, har akun. Mata a littattafan nan ko dai lada ne da ake ba jarumi, ko tarko ne a kan hanyarsa. Alhali tatsuniyoyin da kakanni ke yi da dare cike suke da 'yan mata masu shiga daji su gamu da dodo su tsira da dabararsu. Labarin Bayajida kullum daga bakin baƙon da ya kashe macijin Kusugu ake ba da shi, ba a cika tambayar yadda Daurama da sarauniyoyin da suka gabace ta suka riƙe gari ba. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899, mutanenta suna danganta ta da asiri da ɓacewa, abin da duk mai rubuta almara ke nema. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, amma littafin da Faransanci aka yi shi.