Tarihin Kullen Faifan Fim da Gardamar Kwafarsa a Kwamfutar Gida

Mutumin da ya sayi littafi ya san iyakar abin da ya mallaka. Yana iya karanta shi a ɗaki ko a gindin itace, ya ba da aronsa, ya sayar, ko ya bar wa magada. Faifan fim irin wanda a ke kira DVD shi ne ya zo da tambayar da masu littafi ba su saba da ita ba, watau ko wanda ya sayi faifai da kuɗinsa yana da ikon kallonsa a kowace na'ura ya ga dama, ya kuma kwafe shi ya ajiye domin gudun ranar da zai lalace. An yi fiye da shekara 15 ana wannan gardama a kotunan Amurka da na Turai.

Asalin maganar ya girmi faifan. Cikin 1976 kamfanonin fim na Universal da Disney suka kai ƙarar kamfanin Sony saboda na'urarsa ta Betamax, wadda ke ɗaukar shirin talabijin a kaset. A watan Janairu 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa ɗaukar shiri a gida domin a kalla daga baya ba laifi ba ne. Masu fim suka haƙura, gama kwafin kaset ba ya kai na asali kyau, in kuwa aka kwafi kwafin sai hoton ya ƙara dushewa. Faifai ba haka ya ke ba. Abin da ke cikinsa lambobi ne, kwafi na dubu daidai ya ke da na farko. Faifan VCD da ya fito cikin 1993 ba shi da wani kulle, shi ya sa ya bazu a Asiya, daga baya ya maye gurbin kaset a kasuwar fina-finan Hausa ta Kano, masu kwafar sata kuwa suka sami abin yi.

Saboda haka, sa'ad da aka shirya DVD, wanda ya shiga kasuwar Japan a Nuwamba 1996, ta Amurka kuma a Maris 1997, kamfanonin Hollywood suka ƙi ba da fina-finansu sai an sa masa kulle. Matsushita da Toshiba suka ƙago dabarar da a ke kira CSS. Ana hargitsa lambobin fim ɗin da wani mabuɗi, a ɓoye wannan mabuɗin da mabuɗin faifai, shi kuma a rubuta shi a jikin faifan sau ɗaruruwa, kowanne an rufe shi da mabuɗin wani kamfani mai ƙera na'ura. Ba a ba kamfani mabuɗi sai ya karɓi lasin, ya yi alkawarin na'urarsa ba za ta bari a kwafa ba.

Har wa yau aka raba duniya yanki shida. Amurka da Kanada su ne yanki na 1. Turai da Japan da Masar da Afirka ta Kudu suna cikin na 2. Nijeriya da Nijar da yawancin ƙasashen Afirka suna cikin na 5, tare da Rasha da Indiya. Faifan da aka saya a London sai ya ƙi buɗewa a na'urar da aka yi domin yanki na 5. Daga shekara ta 2000 ramin faifan kwamfuta ba ya yarda a sake masa yanki sai sau 5, daga nan ya kafe a kan na ƙarshe.

Amma fa wannan kulle yana da rauni tun daga tushe. Ba a iya kallon fim sai an buɗe shi, ba a kuwa buɗewa sai da mabuɗi, watau dole mabuɗin ya kasance cikin gidan mutumin da a ke so a hana. A na'urar da ke jone da talabijin yana binne cikin ƙarfe. A kwamfuta kuwa manhaja ce ke riƙe da shi, manhaja kuma ana iya tone ta. Haka aka yi cikin 1999. Waɗansu mutum uku, biyu ba a bayyana sunansu ba, na ukun wani yaro ɗan Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, suka fito da manhajar DeCSS a watan Oktoba, da mabuɗin da aka ciro daga manhajar kallo ta kamfanin Xing. Hujjar da masu goyon bayansu suka kafa ita ce, masu aiki da Linux ba su da wata manhajar kallo mai lasin, alhali sun sayi faifansu. Ba a jima ba masana suka nuna kullen kansa ba shi da ƙarfi, kwamfutar gida tana iya fasa shi ko ba a saci mabuɗin kowa ba.

Inda kulle ya kasa, sai doka ta tsaya. Tun a Oktoba 1998 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar DMCA, wadda ta haramta fasa kullen abin da ke da haƙƙin mallaka, ta kuma haramta rarraba kayan fasawa. Da ita kamfanonin fim suka kai ƙarar Eric Corley, mai mujallar 2600, domin ya rarraba DeCSS. Alƙali Lewis Kaplan na New York ya ba su gaskiya a Agusta 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Nuwamba 2001. Masu jin haushin hukuncin suka shiga buga lambobin manhajar a jikin riguna, domin su nuna abin da aka hana magana ce kawai. A Norway kuwa 'yan sanda suka shiga gidan su Johansen a Janairu 2000, amma kotun Oslo ta wanke shi a Janairu 2003, ta ɗaukaka ƙara kuma ta sake wanke shi a Disamba. A ganinsu, wanda ya buɗe faifan da ya saya bai shiga kayan kowa ba.

Maganar kwafin ajiya ta fi wuya. Faifan DVD ɓari biyu ne na roba aka manna, da siririn ƙarfe mai ƙyalli a tsakani. Yana kwarzanewa, in kuma iska ta shiga tsakanin sai ƙarfen ya ci, fim ya tsaya. Kamfanin 321 Studios ya sayar da manhajar kwafa, kotu ta hana shi cikin 2004, ya rufe. RealNetworks ya fito da RealDVD cikin 2008, kotu ta tsayar da ita cikin 2009. Abin da hukuncin ya nuna shi ne, mai yiwuwa mutum yana da dama ya ajiye kwafin faifansa, amma ba wanda ke da izinin ƙera masa abin kwafar. A Faransa babbar kotu ta yanke cikin 2006, a shari'ar faifan fim ɗin Mulholland Drive, cewa mai saye ba zai tilasta a cire masa kulle domin kwafin gida ba. Ingila ta halatta kwafin gida cikin 2014, kotu ta soke dokar cikin 2015.

Duk da haka mutane ba su bari ba. Manhajar VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniya ta Paris suka fara, aka sake ta kyauta cikin 2001, ta zama abin kallon faifai a gidaje da yawa. HandBrake, wadda ta fito cikin 2003, ita ke juya fim zuwa fayil ƙarami. Faifan Blu-ray da HD DVD suka zo cikin 2006 da sabon kulle mai suna AACS, wanda a ke iya soke mabuɗinsa in ya fita. Kafin shekarar ta ƙare an sami hanyar tsamo mabuɗin daga cikin kwamfuta, gama raunin farko yana nan.

Malamai suna da nasu rabo cikin wannan tarihi. Dokar Amurka ta ba Shugaban Laburaren Majalisa ikon yin rangwame kowace shekara uku. Cikin 2006 aka yarda wa malaman jami'a masu koyar da fim su fasa kulle domin yanko ɗan guntu su nuna a aji, cikin 2010 aka faɗaɗa wa sauran malaman jami'a. Kwafin ajiya na mai gida kuwa ba a taɓa sa shi ciki ba.

Ƙarshen gardamar bai zo daga kotu ba. Kallo ta intanet ya rinjayi faifai, aka daina sa ramin faifai a yawancin kwamfutoci, Netflix kuma ya bar aika faifai ta gidan waya a Satumba 2023. Cikin 2025 kamfanin Warner Bros. ya amsa cewa da yawa daga faya-fayan da ya buga tsakanin 2006 da 2008 suna ruɓewa, waɗansu kuwa an daina buga su, ba a samun irinsu da za a musanya su da shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bi doka bai kwafi nasa ba, ranar da faifan ya ci ya rasa fim ɗin. Wanda ya ƙetare ta, nasa yana nan. Mai kallo ta intanet kuwa ba shi da faifan ma da zai yi gardama a kansa, izinin kallo kawai ya ke biya, wanda kamfani ke iya janyewa.