Kwana a mota: tarihin wata doka a Los Angeles

A watan Fabrairun 1936, shugaban 'yan sandan Los Angeles, James Davis, ya tura jami'ai 136 zuwa iyakokin jihar Kalifoniya, nesa ƙwarai da inda ikonsa ya tsaya, domin su mayar da talakawan da fari da karayar tattalin arziki suka koro daga wasu jihohi. Da dama daga cikinsu sun zo ne da iyali da katifa da tukunya a tsohuwar mota. Shingen bai wuce 'yan makonni ba, amma tambayar da ta haifar da shi ta daɗe: yaya birni zai yi da mutumin da motarsa ce gidansa?

Tun kafin nan an taɓa gwada wata amsa. A farkon shekarun 1920 garuruwan Amurka sun yi ta buɗe sansanoni kyauta ga masu yawon buɗe ido a mota, don 'yan kasuwar gari su sami ciniki. Da aka lura cewa masu neman ƙwadago sun fara yada zango ba ranar tashi, sai aka sa kuɗin shiga da wa'adin kwanaki.

Los Angeles ta kafa tata dokar a 1983, sashe na 85.02 na kundin dokokin birni, wanda ya haramta mayar da mota wurin zama a kan titi. Ta shekara da shekaru ba a cika waiwayarta ba, sai a 2010, lokacin da masu gidaje a Venice, unguwar bakin teku da gidajenta suka yi tsada, suka matsa da ƙorafi kan shara da bahaya. Ƙorafin ba ƙage ba ne. Motar kwana tana da tankin ƙazanta, kuma dole a juye shi a wani wuri. Sai dai maganin da aka kawo ya wuce ciwon. An ware 'yan sanda 21, aka ce su riƙa duba motocin da ke ɗauke da abinci da shimfiɗa da tufafi da magani. Da wannan ma'auni, duk wanda ya dawo daga cefane da bargo a kujerar baya abin tuhuma ne.

Abin da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta gani ke nan a watan Yunin 2014, a shari'ar Desertrain. Mai shari'a Harry Pregerson ya nuna cewa babu mai iya sanin inda laifin ya fara: cin abinci a mota ne, ko fakewa daga ruwan sama? Dokar da ta hau kan kowa, amma talaka kaɗai ake kamawa da ita, ta bar komai a hannun ɗan sanda. Kotu ta soke ta.

Majalisar birni ta sake rubuta ta a 2016. Wannan karon an hana kwana a mota a unguwannin zama daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe, da kuma kusa da makarantu da wuraren shaƙatawa a kowane lokaci, tarar farko dala 25. Har taswira aka buga mai nuna titunan da aka yarda. Wa'adin dokar ya ƙare a farkon 2020.

Abin da ya rage a hannun birni shi ne dokokin fakin, waɗanda ba su ambaci mutum ko kwana ba, sai tsawon mota da tsayinta. Ana kafa allo a titi ɗaya bayan ɗaya, a hana manyan motoci tsayawa daga 2 zuwa 6 na asuba; akwai kuma tsohuwar ƙa'idar kada mota ta wuce awa 72 a wuri guda. A ganina wannan ya fi tsohuwar dokar ciwo, domin hukuncinsa janye motar ne. Kuɗin ja da na ajiya suna hauhawa kullum, mai ita ya kasa fansa, a yi gwanjonta. Wasu sukan saye ta da araha su mayar kan titi, su ba wani marar gida haya.

Santa Barbara ta bi wata hanya tun 2004, inda ake buɗe filayen fakin na coci-coci da ofisoshi da dare. Los Angeles ta kwaikwaya, amma yawancin filayen ƙananan motoci suke karɓa, kuma gari na wayewa sai a tashi.

A 2021 Kotun Ƙolin jihar Washington ta amince cewa motar da wani mutum yake kwana a ciki a Seattle gidansa ce a idon doka, kuma kuɗin da aka ɗora masa bayan janye ta ya wuce kima. Shekara uku bayan haka, a Yunin 2024, Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 6 da 3, ta ba garin Grants Pass gaskiya kan dokarsa ta hana kwana a fili, wadda ta haɗa da kwana cikin mota a wuraren shaƙatawa na gari.